Ƙotar Kwamfutar Yaya Didam

Ranar wata Laraba ce cikin watan Yuli, shekarar da nake aji biyu a ƙaramar sakandare, na ji yayana da muka binne tun kafin Ista ya yi gyaran murya a ɗakinsa. Dawowata ke nan daga makaranta, takalmina a hannu saboda taɓon layinmu na bayan tashar jirgin Kafanchan. Hadari ya taso daga wajen duwatsun Kagoro ya rufe gari, rana tsaka amma sai ka rantse magariba ce. Tun ina bakin layi na ji yara sun ɗauki ihun an kawo wuta, ban ma kula ba. Na shigo gida ba kowa a tsakar gida, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu, igiyar shanya tana ta kaɗawa ba kaya a kanta. Na tsaya bakin rijiya ina ɗauraye ƙafa, sai na ji shi. Gyaran muryar nan tasa sau biyu a jere, ta farko gajera, ta biyu da ɗan ja, sannan ya shiga rera waƙa a maƙogwaro baki rufe, da babbar muryarsa, yadda yake yi idan yana aske gemu. Guga ya suɓuce mini ya koma rijiya da igiyarsa. Ban gudu ba, sai ma na nufi ƙofar ɗakinsa maimakon ƙofar gida. Labulen a ɗage yake. Mama ce zaune a kujerarsa, hasken kwamfuta shuɗi a fuskarta, tana faɗa masa cewa jar akuyar nan ta haihu, 'ya'ya biyu, ɗaya bai yi rai ba. Ba ta juyo ta dube ni ba.

Yaya Didam ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma mu biyu ne kaɗai 'ya'yan Mama da suka rayu. Baba ya rasu ina goye, don haka Yaya ne namijin gidan tun da na yi wayo. Dogo ne, mai son dariya, shi ke riƙe da babbar murya a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Shekarar da cittarmu ta yi kyau ya je ya sayo wata tsohuwar kwamfutar tebur, irin mai ƙaton kai kamar talabijin da akwati a ƙasa, ya kafa ta a ɗakinsa yana buga wa mutane takardu: tsarin sujadar aure, katin godiya, tambayoyin jarrabawa na makarantun unguwa. Mama ma'aikaciyar tafireta ce a ofishin wata firamare, shi ya koya mata kwamfuta, suna yi suna faɗa, don ita dukan madannai take yi kamar tana dakan acca. Matsalar Yaya ɗaya ce, kwaɗayin manhaja. Duk faifan da ya shigo hannunsa sai ya ɗura wa kwamfutar nan, ko yana da amfani ko ba shi da shi. Da haka ta yi nauyi, ta zama idan an kunna ta sai ka ɗora ruwa a murhu ya kusa tafasa kafin ta yarda a taɓa ta. Don ya rage wa kansa jira, sai ya saita ta yadda da zarar an kawo wuta za ta tashi da kanta. Don tsokana kuma, sai ya cire ɗan kiɗan da take yi idan ta farka, ya ɗauki muryar kansa da wata 'yar makirfo ya sa a wurin. Idan ka saurara da kyau, a bayan waƙar kana jin zakaranmu da ƙarar taɓaryar Mama. Zazzaɓin taifot ya ɗauke shi cikin ɗan lokaci, aka kashe soket, aka kulle ɗakin, ni kuma na manta da wannan wasan nasa kaf.

Da ba don tsoro ba, ni ya kamata in fara tunawa, don babu wanda ya zauna gefen kwamfutar nan kamar ni. Idan na gama wanke-wanke, na ba aladu dusa, na cika randa, sai in kifa turmi kusa da kujerarsa in zauna. 'Yan layinmu suna waje suna langa da carafke, suna kirana, ni ina can ina jiran ya tashi fitsari in buga wasan kati. Lokacin kaka kuwa, bayan mun wuni muna tsaga citta muna bazawa a kan dutse, yatsuna suna zafi, sai ya sa in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa masa maus, wai kada kwamfutarsa ta yi atishawa. Shi ya nuna mini wani lungu a cikinta inda aka jera duk abubuwan da ke tashi tare da ita, kowanne da ɗan akwatinsa da alamar maki a ciki. Sun yi yawa har sai an ja ƙasa. Yakan ce, "Kwamfutar nan ba raguwa ba ce, Zigwai, kaya ne suka yi mata yawa. Gobe zan sauke mata." Goben nan na ji ta har na gaji.

A wurin jana'iza Mama ba ta yi kuka ba. Matan zumuntar coci sun kewaye ta suna waƙa suna share hawaye, ita tana zaune a miƙe, tana tambaya ko baƙin ƙauye sun samu abinci. Wasu suka ce bangaskiya ce, tsofaffi kuwa suka girgiza kai, na ji wata tana cewa kukan da bai fito ba ciki yake komawa ya yi aiki. Haka muka zauna har jarrabawar ƙarshen zango ta matso, aka kawo mata tambayoyi ta buga. Shi ne ta buɗe ɗakin ta kunna soket, ranar Larabar nan. Daga ranar kuma ba ta sake kashe shi ba.

Abin da na lura da shi, ba muryar kaɗai take nema ba, jiran take so. Muryar takan zo ne a tsakiyar tashin kwamfutar, bayanta kuma sai wani dogon lokaci da akwatin ke ƙas-ƙas-ƙas a ciki kamar ana ɓare gyaɗa a ɗaki mai duhu, ɗan jan haske yana ƙiftawa, firinta ta girgiza ta ja kanta hagu da dama ba wanda ya taɓa ta. A cikin wannan lokacin Mama ke ba shi labari. Wane ya yi aure, ciyawa ta cinye gonar citta, sabon mai babbar muryar da aka samu a coci ihu kawai yake yi. Da kwamfutar ta gama tashi sai Mama ta yi shiru, ta ɗan buga layi kaɗan, ta kashe ta, ta sake kunnawa. Wutar garinmu kuwa ba ta da lokaci, tana iya zuwa ana tsakiyar tuƙa tuwo, tana iya zuwa muna shirin coci. Duk layin yara na murna, mu kuma a gidanmu mamaci ne zai yi gyaran murya. Na ga Mama ta bar gwate a wuta ya ƙone ƙurmus. Na ga ta juyo daga bakin ƙofa da Littafi Mai Tsarki a hannu, da ɗankwalin zumunta a kai, ta fasa zuwa sujada. Ta rame, zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Jiran kuma kullum ƙara tsawo yake yi, ita kuma tana jin daɗin hakan, ni na gani a fuskarta.

Ko a kashe ma ba na son kallon kwamfutar. Gilashinta baƙi ne mai tudu, idan na shiga shara sai in ga ɗakin duka a ciki a lanƙwashe, da ni 'yar ƙarama, da wani dogo tsaye a bayana. Na san kwat ɗinsa ce ta mawaƙa a rataye jikin ƙofa, amma sanin bai taɓa hana tsikar jikina tashi ba. A makaranta labari ya riga ni zuwa. Muna yankan ciyawa da langalanga a filin ƙwallo sai wata 'yar ajinmu ta yi gyaran murya sau biyu a bayana, sauran suka fashe da dariya. Na yar da langalangar na cika mata baki da ciyawa, aka sa ni tsallen kwaɗo, ban kuma yi nadama ba har yau. Amma ba dariyarsu ce ke hana ni cin abinci ba. Tsorona ɗaya ne, kuma na san sunansa tun a lokacin: Mama za ta bi shi ta bar ni.

Da aka yi hutu sai ga Baba Bobai, wan mahaifinmu, daga ƙauye, da sandarsa da wasu gwaggonninmu. Dattijon ikilisiya ne, ba ya shan burkutu, ba ya zuwa wurin boka, amma akwai abu ɗaya na kakanni da bai taɓa saki ba. A danginmu, idan mutum ya mutu ba a zubar da kayan aikinsa, ba a kuma ci gaba da aiki da su haka nan. Fartanyarsa ko gatarinsa, za a cire ƙotar a ƙone a bayan gida, a yi wa ƙarfen sabuwar ƙota a ba wani. Ƙarfe na kowa ne, in ji su, amma ƙota ta sha zufar hannun mai ita, muddin tana nan zai riƙa dawowa wurin aikinsa. Kuma ba kowa ke cirewa ba. Idan uwar mamaci tana da rai, da hannunta za ta cire, idan wani ya yi mata, ba a yi ba. Baba Bobai ya shiga ɗakin ya zagaya kwamfutar yana leƙa bayanta, ya daɗe, sannan ya tambaye ni da wace aba Didam yake riƙe ta. Na nuna masa kibod da maus. Ya ɗaga kibod ɗin ya duba, ya ga inda haruffan suka goge saboda yatsu, ya gyaɗa kai ya ce to ga ƙotar nan.

Mama ba ta yi musu ba ko kaɗan, abin da ya ba kowa mamaki. Ita ta zare wayoyin, ta ɗauka zuwa gindin ayaba, ta ɗora a kan itacen da aka haɗa. Baba Bobai ya yi addu'a cikin yarenmu, aka sa wuta. Ban taɓa ganin hayaƙi mai baƙi irin wannan ba, ga wari mai kama maƙoshi, madannan suna narkewa suna lanƙwashewa, wasu suna fashewa suna tsalle cikin ciyawa. Aka aike ni kasuwa na karɓo sabon kibod da maus, aka jona. Ranar babu wuta, don haka kowa ya saki jiki. Washegari da rana muna zaune a baranda muna shan gwaten acca, ana hirar damina, sai fanka ta fara juyawa a falo. Cokula suka tsaya. Muka ji akwatin ya fara ƙas-ƙas ɗinsa a cikin ɗakin da babu kowa, aka daɗe, har wata gwaggo ta fara sakin ajiyar zuciya. Sai Yaya ya yi gyaran murya. Kwanon gwaggon ya kife a ƙasa, ɗaya kuma ta rufe kanta da zane tana kiran sunan Yesu. Na dubi Mama, sai na ga tana murmushi.

Baba Bobai bai ɗaga murya ba. Da Hausarsa ta ƙauye, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta, ya ce, "Matarmu, yaro ya tafi, ka sake shi. Zan dawo bayan an yanke acca. In abin nan yana magana har lokacin, dukansa zai shiga wuta, kai kuma za ka bi mu gida ka huta." Mama ta ce masa a hankali, duk inda aka sa kwamfutar nan, a sa ta tare. Ranar ta kwashe tabarmarta da filo ta koma ɗakin Yaya da kwana.

Ni ce na je na samo Awwalu. Abokin Yaya ne tun firamare, ɗan gidan wasu masu sayar da hatsi da suka daɗe a kasuwar garin, yana da ɗan shagon gyaran kwamfuta, a wurinsa ma na karɓo kibod ɗin. Naman Sallarsu a gidanmu yake ƙarewa, shinkafar Kirsimetinmu a cikinsa. Ya zo ya gaishe da Mama ya durƙusa, ya zauna jiran wuta tare da mu. Da muryar ta fito sai ya cire hularsa ya fita waje, ya daɗe a bakin rijiya yana wanke fuskar da ba ta yi datti ba. Da ya dawo ya duba cikin kwamfutar, ya ce ma'ajiyarta ta cika maƙil, abubuwan da ke tashi tare da ita sun fi ƙarfinta, ga masu gadin bairos, cutar kwamfuta, har biyu da Yaya ya sa, suna ta kokawa da juna maimakon su yi gadi. Ya ce ko dai a goge ta duka a sake zubi, ko a bi a hankali a sauke mata kayan ɗaya bayan ɗaya, in kuwa aka bar ta haka, wata rana za ta tsaya a hanya ba za ta ƙarasa tashi ba. A nan ne na gane kuskuren da aka yi a gindin ayaba. Hannun Yaya ba a kibod yake ba, yana cikin waɗancan ƙananan akwatunan masu maki, duk abin da ya zaɓa ya saita da kansa. Na faɗa wa Mama da zumuɗi, ina yi mata bayani cewa muryar ɗauka ce kawai, fayil ce kamar kowace. Ta dube ni kamar na ce mata ruwa na jiƙa mutum. Ta ce, "Na sani, Zigwai. Ina daka a tsakar gida ya ɗauka. Kina tsammani na haukace ne?" Sannan ta ce wa Awwalu ya gaida gida, ba yau ba.

Wannan amsar ta fi fatalwa ba ni tsoro. Da ruɗewa ta yi, da sai a yi mata bayani ta warke. Amma da idonta buɗe ta zaɓi ɗakin nan, ta kuma ƙona kibod tana sane babu abin da zai canza.

Ana cikin haka zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni. Ina kwance a baranda da rana cikin bargo, haƙorana suna haɗuwa, Mama ta fito daga kicin da ruwa a kofi da ƙwayoyin magani a tafin hannu. Saura kaɗan ta iso inda nake sai yaran layi suka yi ihunsu. Na ga ta tsaya. Na ga kanta ya juya wajen ɗakin, sannan jikin ya bi, da kofin da maganin da komai. Ban san inda na samu ƙarfi ba. Na tashi zaune na ce mata ta je, ta je wurin ɗanta, in na mutu sai ta sa Awwalu ya ɗauki muryata ya zuba a ciki, wataƙila lokacin ta zauna ta saurare ni. Na ce ni ina nan da raina, zazzaɓi ne ya kashe shi, ga shi a jikina, amma ba ta taɓa tambayata yadda na kwana ba tun Ista. Ni mai baki ce tun ina yarinya, amma ban taɓa yi wa Mama irin wannan ba. Tana tsaye a tsakiyar tsakar gida, muryar ta fito ta taga, ta yi waƙarta ta gama, ba wanda ya amsa mata. Mama ta dawo ta durƙusa ta ba ni maganin. Ta zauna tana riƙe da ƙafata har zazzaɓin ya sauka.

Da na warke, ita da kanta ta aika ƙauye a kira Baba Bobai, ba ta jira yankan acca ba. Ranar Asabar da safe Awwalu ya zo da ɗan janareta a bayan mashin, don ya ce aikin ba ya son a ɗauke wuta a tsakiya. Aka yi masa bayanin al'adar, ya ce ya ji, ya tsaya bayan kujera ya haɗa hannuwansa a baya don kada ya manta ya taɓa. Mama ce a kan maus, ni a kan turmina ina karanta sunayen, Baba Bobai a bakin ƙofa da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Duk wanda na karanta sai ya tambaya wannan kuma mene ne, a faɗa masa, ya ce to a cire. Akwai manhajar koyon Faransanci da Yaya bai wuce gaisuwa a cikinta ba. Akwai agogo mai siffar kyanwa da ke kaɗa wutsiya a kusurwa, da kifayen da ke iyo a gilashi idan an daɗe ba a taɓa ba, da wata ta rubuta waƙa da yake koya wa mawaƙa da ita. Mama takan ɗan tsaya a kan kowanne kafin ta cire makin, wani lokaci har ta yi 'yar dariya ta ce yaron nan da tarkace. Muka sallami mai gadi ɗaya muka bar ɗaya. Muka gano abin da ke girgiza firinta, ashe wani tsarin sujadar aure ne ya maƙale a layi tun kafin ya kwanta, amaryar ma har an fara ganin cikinta. Muka share tarin fayilolin wucin gadi, muka kashe inuwoyi da walƙiyar ado da ke cinye mata ƙarfi, hoton mawaƙa da ke bango ya koma shuɗi zalla. Awwalu ya nuna mata inda za ta hana ta tashi da kanta idan an kawo wuta. Ɗakin ya yi zafi, janareta na ta ƙara a waje, amma ni sanyi nake ji, don da kowane maki da ta cire sai in ga kamar wani yana kwashe kayansa daga ɗakin.

Muryar ce ta ƙarshe. Awwalu ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon faifai, ya sunkuya ya ce ƙasa-ƙasa, "Mama, in kwafe miki ita a nan, ki ajiye a akwati. Ba abin da zai rage wa aikin." Baba Bobai ya ji sarai, amma sai ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, kamar ya ga wani abu a jikin sandarsa. Na tabbata da ta karɓa ba zai ce uffan ba. Ni ma a raina ina cewa ta karɓa. Ta dubi faifan ta daɗe, sannan ta dube ni, ni da na rame da zazzaɓi, ta ce, "Na san kaina, ɗana. In tana akwati, akwatin zan koma. Ba a ɓoye ƙota a ƙarƙashin gado." Ta kunna muryar sau ɗaya muka saurara har ƙarshe, da zakaran da taɓaryar. Ta jefa ta kwandon shara na cikin kwamfutar, ta zo share kwandon, kwamfutar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta danna e. Aka ji ɗan sauti kamar an murƙushe takarda.

Abin da ya rage shi ne a tattara ajiyar wuri ɗaya, don Awwalu ya ce duk abin da aka cire ya bar rami, sai an matso da sauran an cike kafin ta yi sauri. Gilashin ya cika da ƙananan tubala ja da shuɗi da fari, suka fara motsi da kansu. Ruwa ya sauko a kan kwano, muka zauna mu huɗu muna kallo. Tubalan suna tashi daga nan su sauka can, fararen gurabun suna rufewa a hankali, har ya zama ba ka iya nuna inda wani abu ya taɓa zama. Sai da rana ta yi sanyi aka gama. Awwalu ya ce Mama ta kashe ta kunna. Ta danna, ta gyara zama, ta buɗe baki kamar yadda ta saba za ta fara ba da labari, sai ga kwamfutar ta riga ta tashi, shuɗiya, shiru, tana jiran a ba ta aiki. Mama ta ce, "Har ta gama?" Awwalu ya ce, "Ta gama, Mama." Sai ta ɗora hannu biyu a kai ta fasa wani irin kuka da ban taɓa jin ya fito daga bakin mutum ba, tana kiran sunansa, tana faɗuwa daga kujera, ni da Baba Bobai muka tare ta. Maƙwabta suka shigo a guje cikin ruwa, matan zumunta suka cika gidan suna tambaya wa ya mutu. Baba Bobai ya ce musu Didam ne. Ba wadda ta ce ai an daɗe, suka zube a ƙasa suka taya ta. Washegari ta ci tuwo ta nemi ƙari, ta ɗauki fartanya muka tafi ciyawar citta, tana yi mini faɗa a hanya wai ban iya ɗaura zane ba.

Kwamfutar ta yi mana aiki shekaru bayan haka, da ita na koyi abin da nake ci da shi yau. Yanzu ta ofishina kafin in ja kujera ta tashi, 'ya'yana kuma idan waya ta yi jinkirin ƙiftawar ido sai su fara tsaki. Kowa yana da muryar kowa a aljihu. Na sha rufe ido in nemi ta Yaya, in tuna cewa babba ce, in tuna waƙar, amma sautin kansa ya ƙi zuwa, kuma babu inda zan je in same shi. Mama kuwa tana nan Kafanchan, ta tsufa, ta koyi aiko da saƙon murya, kullum sai ta aiko, dogo, rabinsa ƙorafin gwiwa rabinsa tambayar ko na ci abinci. Wayata takan ce ta cika, in rage mata kaya. Nakan goge hotuna, in goge manhajoji, in bar ta ta yi ta nauyinta, amma saƙon Mama ko ɗaya ban taɓa gogewa ba. Ita ta iya sakin ƙota, ni ban gaje ta ba.